Mararraba Uku a Ɗakin Baƙi

Shekara talatin da huɗu maigidana ya yi yana juya wa jiragen ƙasa layi, amma ban taɓa ganin abin da yake juyawar ba sai da ya bar aikin, abin ya biyo shi har ɗakin baƙina. Abokan aikinsa Mai Juyi suke ce masa, ni kuwa Malam nake cewa tun farkon aurenmu.

Ga wanda bai sani ba, kamar yadda ni ma da ban sani ba, jirgin ƙasa ba shi da sitiyari. Duk ƙasaitar direba, inda layin dogo ya nufa nan zai je. A wurin da layi ɗaya yake rabuwa biyu, wanda ma'aikata suke kira mararraba, akwai wasu siraran ƙarafa biyu masu motsi da suke ce wa harsuna. In aka matsar da su nan, jirgi ya miƙe a babban layi, in aka matsar da su can, ya kauce ya shiga layin gefe. Malam ne mai matsar da su. Kullum da sassafe zai ɗauki gwangwanin mai mai dogon baki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga musu don kada su cije, sannan ya tsaya jiran jirgin farko.

Da aka kawo na'urar da take juya layi daga cikin ofis, aka sallame shi da takardar yabo. Ya dawo gida ya zauna a kujerar da take jikin taga, kuma wallahi shekara guda cur bai tashi daga kanta ba sai don salla da banɗaki da barci. Mutumin da a da in gishiri ya ɗan yi yawa a miya sai maƙwabta sun ji, ya koma a ba shi abinci ya yi loma uku ya ture. Na gwada faɗa, na gwada lallashi, har ƙona abinci na yi da gangan ko zai yi magana, bai ce uffan ba. Hannunsa na dama ya fara rawa, sai ya riƙa ɓoye shi a ƙarƙashin cinyarsa. Likita ya duba shi sama da ƙasa, ya ce rawar hannun ta shekaru ce, sauran kuwa ba na asibiti ba ne, mu nema masa dalilin tashi da safe. Tsoro na ji a lokacin, tsoro ƙwarai, domin ina kallon mutum yana ƙarewa a gabana kuma babu ciwon da zan nema wa magani.

Autarmu, wadda take aikin jinya a wani gari, ita ce ta zo da kwalin. Ƙaramin jirgi ne na lantarki, kan jirgin bai fi tafin hannuna ba, da taragai huɗu da guntayen dogo da ake haɗawa. Ta shimfiɗa shi a teburin ɗakin baƙi, ta kunna, ta bar ƙofa a buɗe yadda zai hango daga kujerarsa.

"Kayan wasan yara kika kawo mini?" ya ce, ko juyowa bai yi sosai ba.

"Ai Baba ba naka ba ne, nawa ne. Ajiya na kawo."

Jirgin ya yi ta kewaya teburin, ya dawo inda ya tashi, ya sake kewayawa. Ina wanke-wanke ina leƙen Malam ta gefen ido. Na ga yana motsa baki, na ga ya gyara zama, can dai ya kasa haƙura.

"Ina mararrabarsa?"

"Babu, Baba. Haka ya zo."

"To ina za shi? Wannan ai wulaƙanci ne. A ɗauki jirgi a sa shi yana zagaye kamar akuya a turke."

Rabon da in ji kalmomi masu yawa haka daga bakinsa tun ranar sallama. Na ajiye kwano a hankali don kada ƙararsa ta katse shi. Auta ta ciro wayarta, ta nuna masa hotunan ƙananan mararrabu da ake sayarwa, ta ce ya zaɓa ta aiko. Ya ce a miƙo masa tabarau.

Mako biyu aka yi ana zaɓe. Ni a ganina duk iri ɗaya ne, guntun dogo mai baki biyu, amma ashe akwai mai kaucewa dama, akwai mai kaucewa hagu, akwai gajeriya mai karya kwana da gaggawa, akwai doguwa mai kwanciya a hankali. Kullum da yamma sai ya sa na kira masa Auta, tana fitowa daga aiki a gajiye, ya tsare ta da bayani. Ta ce gajerun za su fi dacewa da teburin. Ya ce gajeriyar mararraba ta tashar ajiye kaya ce, inda ake tura tarago a hankali, jirgin da yake ɗauke da mutane ba a karya masa wuya haka. Ta ce to dogayen ba za su shiga teburin ba. Ya ce teburin ne zai ƙaru.

Da ƙofar kabad ɗina teburin ya ƙaru. Na dawo daga kasuwa na tarar da kayana a fili kowa yana gani, ƙofar kuwa tana ɗakin baƙi an ɗora ta a kan kujeru biyu. Na buɗe baki zan fara, sai na gan shi a durƙushe da fensir a bayan kunne da igiyar awo a wuya, yana gunaguni shi kaɗai. Na haɗiye maganata, na nemo zani na rataya a gaban kabad ɗin.

Uku ya zaɓa, dogaye duka, biyu masu kaucewa hagu, ɗaya dama, domin haka suke a tashar da ya yi aiki. Ranar da suka iso sai da ya wanke hannu kafin ya buɗe kwalin.

Sa su ne ya ci rai. Kowace mararraba sai an zura mata wasu 'yan ƙarafan haɗi da ba su fi ƙwayar shinkafa ba, sannan a danne ta da ƙusoshi sirara kamar allura. Da hannu mai rawa, ƙusa ɗaya takan ɗauke shi rabin sa'a. Sai ya riƙe wuyan hannun damansa da na hagu, ya dafa gwiwar hannu a tebur, ya ɗauke numfashi. Ƙusar ta zame ta faɗi ƙasa, ya duƙa nema. Sau ɗaya na ce, "Malam, kawo in riƙe maka."

"Ke da me kika sani a dogo? Je ki yi aikinki."

Na tafi, raina a ɓace, amma a ƙasan ɓacin ran daɗi nake ji, domin wannan muryar ita ce ta mijina. In ya gama kafa ɗaya sai ya kwantar da kuncinsa a kan tebur, ya rufe ido ɗaya, ya bi dogon da kallo ya ga ko ya miƙe. In bai yi masa ba ya tumɓuke ya sake. Ya zuba 'yan tsakuwa tsakanin layukan ya manne su da gam, yana kaffa-kaffa kada ɗigo ɗaya ya taɓa harsunan. Sai da ya yi wata guda da kwanaki kafin ya kira ni in zo in gani.

Jirgin ya taso a babban layi, Malam ya sa ɗan yatsa ya tura wani ɗan maɓalli a gefen mararrabar, harsunan suka matsa da wata 'yar ƙara, jirgin ya kwanta a hankali ya shiga layin gefe da taragansa huɗu a bayansa, ko tangal-tangal bai yi ba. Bai yi dariya ba, shi ba mai dariya ba ne. Cewa ya yi, "Akwai sauran abincin rana?"

Daga ranar gida ya dawo gida. Bayan sallar asuba zai sha shayi a tsaye, ya sa tsohuwar hularsa ta aiki, ya ɗauko gwangwanin man nan mai dogon baki da ya taho da shi ranar sallama, ya shiga ɗakin baƙi. Ya ɗiga wa kowane harshe mai, ya motsa shi gaba da baya sau uku, sannan ya mayar da shi kan babban layi. Wannan mayarwar dokar aikinsu ce, ya sha gaya mini ko ban tambaya ba: mai juyi ba ya juya baya ya bar mararraba a buɗe zuwa layin gefe, ko da uwarsa ce take kiransa. Daga nan ya shiga wanka, ya fito ya karya, ya koma ya tashi jirgin farko. Ya dawo da cin abinci, ya dawo da ƙorafin gishiri, har kumatunsa suka fara cikowa.

Kwana goma sha biyu aka yi a haka, sai jirgin ya fara tuntuɓe a mararrabar tsakiya. Zai zo da gudunsa, yana hawa harsunan sai ya yi kamar ya shaƙe, fitilarsa ta ɗauke ta dawo, ya wuce da ƙyar. Bayan kwana biyu ya tsaya cak. Malam ya tura shi da yatsa ya wuce, ya zagayo ya sake tsayawa a wurin. Kafin mako ya ƙare duka ukun sun kama wannan hali.

Ya duba wayoyin lantarki, lafiya lau. Ya tumɓuke ta tsakiyar ya sake kafawa, ya ɓata kwana biyu, babu canji. Ya cire ta gaba ɗaya ya ajiye a gefe yana kallonta. Da yamma na kai masa shayi na same shi ya baje hannunsa na dama a kan tebur yana kallon yadda yake rawa.

"A karkace na sa su," ya ce. "Idona yana gaya mini sun miƙe, hannun nan kuma yana yin abin da ya ga dama."

"Haba Malam, ba ga shi ya yi kwana da kwanaki yana tafiya lafiya ba?"

"Shekara talatin da huɗu babu jirgin da ya taɓa tsayawa a mararrabata. Yanzu na wasan yara ya gagare ni." Ya cire hular ya ajiye. "Ranar Asabar Auta za ta zo. Ta kwashe ajiyarta, ke ma ki samu ƙofar kabad ɗinki."

Ya fita ya wuce kai tsaye zuwa kujerar taga. Na san in kwalin nan ya bar gidan, wannan karon Malam ba zai sake tashi ba.

Washegari da ya kwanta barcin rana, na naɗe mararrabar da ya cire a cikin hankici, na kai wa Mai Agogo. Shagonsa yana bakin titinmu, tsakanin mai aski da mai sayar da magani, ɗan ƙaramin wuri ne da mutum biyu ba sa tsayuwa a ciki. Tsoho ne shi ma, kuma duk unguwar babu mai hannun aikin ƙananan abubuwa kamarsa. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya juya abin, ya shinshina, ya goga farce a jikin harshen. Farcen ya fito baƙi ƙirin.

"Wa ya zuba wa wannan man inji?"

"Malam ne. Kullum da safe yake ɗiga musu."

Mai Agogo ya cire gilashin ya dube ni, ya yi ɗan murmushi mai tausayi. "Allah sarki, Mai Juyi. Hajiya, babban jirgi da wutarsa yake tafe a cikinsa, shi ya sa dogonsa yake son mai. Wannan ƙaramin kuwa a jikin dogon yake shan wutar. Harshen nan sai ya manne da ɗan'uwansa ƙarfe da ƙarfe sannan wuta ta wuce. Mai ya shiga tsakani, ƙura ta hau kansa, ya zama kamar kwalta. Ta ina wutar za ta bi?"

"Ba karkacewa ta yi ba ke nan?"

"Ina fa. Dubi yadda ya zura 'yan ƙarafan haɗin nan, ni da gilashina ba zan fi shi ba. Aikinsa ba shi da aibu. Ki ce masa ya daina man kawai."

Ya nannaɗe auduga a kan tsinken ashana, ya tsoma a wani farin ruwa mai warin asibiti wanda yake wanke cikin agogo da shi, ya goge harsunan har suka yi ƙyalli. Ya zuba mini ruwan a 'yar kwalba, ya nuna mini yadda zan matsar da harshen in goge bayansa.

Ki ce masa ya daina man kawai. A bakin Mai Agogo maganar ba ta da nauyi. Ni kuwa ina tafe a titi ina juya ta. Jirgin ba shi ne yake tashin Malam da asuba ba, ɗiga man nan ne. Shi ne abu ɗaya da ya rage masa daga aikin da ya yi wa rayuwarsa duka. In je in ce masa abin da ya fi kowa iyawa shi ne yake kashe masa jirgi? Ni da ya ce ban san komai a dogo ba? Na kai ƙofar gida ban samu bakin da zan faɗa da shi ba, don haka ban faɗa ba.

Na mayar da mararrabar inda na ɗauke ta, na goge sauran biyun. Da yamma na ce masa ya daure ya sake mayar da ita sau ɗaya, don kada Auta ta zo ta tarar da abin a wargaje ta ji ba daɗi. Ya yi tsaki, amma ya tashi. Da ya gama ya kunna, jirgin ya ratsa ukun sumul. Ya tsaya yana kallo har jirgin ya zagaya sau biyar, sannan ya ɗauki hularsa daga inda ya ajiye ta.

Daga ranar na samu sabon aiki. Yana gama ɗiga mai ya shiga wanka, ni kuma in lallaɓa da kwalbata da tsinkena in goge abin da ya zuba. Minti goma sha biyar yake yi a banɗaki, ina jin ƙarar ruwa ina aiki kamar ɓarauniya a gidana. Jirgi ya ci gaba da tafiya lafiya. Malam ya yi nazari ya gano dalili da kansa.

"Ashe mai ne bai ishe su ba," ya gaya mini. Ya ninka abin da yake zubawa, ni ma na ninka auduga.

Asabar ta zo, Auta ta zo ta ga jirgi, ta koma ba tare da kwali ba. A kicin na raɗa mata abin da nake yi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta daina ta ce, "Mama, ki gaya masa. Baba ba yaro ba ne." Na ce ta bar ni da mijina, na riga ta saninsa.

Ashe ban gama saninsa ba. Cikin kwanakin nan na lura ya fara wani shiru, ba irin na kujera ba, wani daban. Zai fito daga ɗakin baƙi, ya kai ƙofar banɗaki, ya koma ya leƙa tebur, ya sake fitowa. Ya fara tambayata ko ya rufe famfo, ko ya sha maganinsa, ko yau Talata ce. Wata rana na gan shi a tsakar gida yana lissafa sunayen jikokinmu da yatsu, leɓensa yana motsi. Na ɗauka tsufa ne kawai, ban kawo komai a raina ba.

Rana ta tara, ina duƙe a kan mararrabar tsakiya da tsinke a hannu, ruwa yana zuba a banɗaki, sai na ji numfashin mutum a bayana. Ya bar famfon a buɗe ya dawo, tawul a kafaɗa, ko jiƙa bai yi ba. Ya dubi kwalbar, ya dubi audugar da ta yi baƙi, ya dubi harsunan da na matsar.

"Tun yaushe?"

"Malam, bari in..."

"Tun yaushe kike taɓa mini mararraba?"

"Yau kwana tara."

Ya jawo kujera ya zauna a hankali. Da ya yi magana muryarsa a ƙasa take, da ma ihu ya yi mini da ya fi sauƙi.

"Kwana tara ina mayar da su babban layi da hannuna. In shiga wanka, in fito, in tarar da ɗaya a buɗe zuwa layin gefe. Jiya guda biyu na tarar. Na ce to, hannu ya tafi, yanzu kai ya bi shi. Shekara talatin da huɗu ban taɓa barin mararraba a buɗe ba. Na kwana ina tunanin yadda zan gaya miki na fara mantuwa, ina tunanin ranar da zan dube ki in kasa tuna ko ke wace ce."

Ni da nake matsar da harsunan don in goge bayansu, ko sau ɗaya ban tuna in mayar da su yadda na same su ba. Sau nawa ya gaya mini dokar nan ina jin ta kamar ƙarar fanka.

"Kanka lafiya lau yake," na ce. "Ni ce. Hannunka ma ba shi da laifi, Mai Agogo ya ce ko shi ba zai fi ka kafa su ba."

"Har wurin Mai Agogo aka kai ni."

Babu sauran ɓoye-ɓoye, na gaya masa duka, yadda wutar take bi ta dogo, yadda mai yake tare ta. Yana saurare yana kallon gwangwanin da yake gefen tebur.

"Wato man ne."

"Man ne."

"Ni ina zubawa, ke kina bina kina gogewa, ina ta murna na gano magani. Auta ta sani?"

Na gyaɗa kai.

"Kun mayar da ni yaro a gidana."

Nan fa nawa ran ya tashi. "Yaro? Shekara guda ina kallonka a kujerar can kamar an ajiye buhu. Ka san sau nawa na tsaya a bayanka ina duba ko kana numfashi? Tsoro nake ji, Malam. Na ga abu ɗaya da yake tashinka da safe, aka ce in zo in ƙwace maka shi da bakina, na kasa. Na yi kuskure, na yarda, ka yafe mini. Amma ba raini ba ne, tsoro ne."

Ya miƙe, ya je ya rufe famfon, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Abu ɗaya na iya a duniya, shi ma ashe ɓarna yake yi yanzu. Ki kwashe kayan nan, ba sai an jira Auta ba."

Washegari bayan asuba ya karɓi shayinsa ya zauna da shi a kujerar taga. Lokacin ɗiga mai ya zo ya wuce. Rana ta biyu ma haka, abincin rana ya yi loma uku ya ture. Na shiga kicin na yi kukana a gaban tukunya, na wanke fuska, sai kukan ya juye ya zama fushi. Da shi nake fushi, da kaina, da Mai Agogo, da Auta da kwalinta. Na ce to, tunda kwashewa ya ce, bari in kwashe kowa ya huta.

Rana ta uku da safe na ɗauki wuƙar yanka albasa da kwalin, na shiga ɗakin baƙi. Ban rufe ƙofa ba, ban kuma yi don ya gani ba, raina ne kawai a ɓace. Na kwashe taragan na jefa a kwali. Na zo kan mararrabar tsakiya, na rasa ta inda ake cire ta, sai na zura bakin wuƙar a ƙarƙashin harsunan, nan ne na ga da sarari, na fara ɗagawa. Siraran ƙarafan suka fara lanƙwasa.

"Ba ta nan ake ɗagawa ba."

Daga kujerarsa ya faɗa. Ban juya ba.

"In ba ta nan ba ta ina? Ni me na sani a dogo?"

Na ƙara danna wuƙar. Na ji kujerar ta yi ƙara, na ji takunsa, sai ga hannunsa na hagu a kan nawa.

"Za ki karya mata harshe. Ajiye wuƙar nan."

Na ajiye. Ya duƙa ya kwantar da kuncinsa a kan tebur, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana duban abin da na yi. Ya sa farce ya danna harshen da ya ɗan tashi har ya koma mazauninsa. Man da ya zuba shekaranjiya waccan yana nan a jikinsa, ya kama ƙura ya yi baƙi, har ya shafar masa farcen. Ya kalli farcen na ɗan lokaci.

"Ina kwalbar taki?"

Na ɗauko ta daga bayan littattafai inda nake ɓoye ta. Ya naɗe audugar da kansa, ta fi tawa kyau, ya tsoma, ya kai tsinken bakin harshen. Hannun ya hau rawa, audugar tana bugun dogo nan da can, ta ƙi shiga inda yake so. Ya kai hannun hagu zai riƙe na daman yadda ya saba, sai ya ga babu mai matsar masa da harshen. Ya gwada sau biyu, ya tsaya. Ina tsaye a gefensa ban sa hannu ba, na riga na yi alkawari a raina ba zan sake yi masa abin da bai nema ba.

"Riƙe mini hannun nan," ya ce, bai dube ni ba.

Na kama wuyan hannunsa da hannuwana biyu. Ina jin rawar tana ratsa tafina, tana raguwa, har ta kusa tsayawa. Ya matsar da harshen da ɗan yatsan hagu, ya zura audugar a bayansa, ya fara goge man a hankali.

"Kada ki saki," ya ce. "Akwai sauran biyu."